Sabunta Manhajojin Kamfani da Ƙaura Zuwa Girgije: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin shugabannin kamfanoni da ma'aikatan sashen kwamfuta duk lokacin da aka zauna maganar tsofaffin manhajoji. Wasu na amsa su a taƙaice, wasu kuma na daɗe a kansu, domin a nan ne na ga an fi yin tuntuɓe.

Me ake nufi da sabunta manhajar kamfani? Ba sayen sabuwa ba ne kawai?

Manhajar da babban kamfani yake gudana a kanta, kamar ta biyan albashi ko ta lissafin kayan sito ko ta asusun abokan ciniki, ba irin ta waya ba ce da za a goge yau a sauke wata gobe. An shafe shekara goma, ashirin, wani lokaci arba'in ana ɗora mata ƙa'idoji: yadda ake cire haraji, wanda yake da ikon sa hannu, abin da za a yi da kuɗin da suka shigo bayan an rufe lissafin rana. Da yawa daga cikin ƙa'idojin nan babu inda aka rubuta su sai cikin manhajar kanta.

Abin da ake nema da sabuntawa shi ne kamfani ya iya canza manhajarsa da sauri, ba tare da gaban kowa yana faɗuwa ba. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: idan aka ce a gyara layi ɗaya tak, kwana nawa za a yi kafin gyaran ya isa hannun mai amfani? Idan amsar wata uku ce, akwai aiki a gabanku, ko da bara kuka sayi manhajar.

Tamu tsohuwa ce, amma tana aiki lafiya. Don me za mu taɓa ta?

Wataƙila ba sai kun taɓa ta ba, kuma ba na son yadda ake raina tsofaffin manhajoji. COBOL, wani harshen rubuta manhaja, ya fito a 1959, har yanzu bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati suna tafiyar da manyan ayyuka da shi. Manyan kwamfutocin da IBM take sayarwa a yau jikokin System/360 ne na 1964. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matsalar tana wajen abin da ya kewaye manhajar. Mutanen da suka san cikinta suna yin ritaya. A watan Afrilun 2020, lokacin da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey ta Amurka yawa, sai da gwamna Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL su zo su taimaka. Haka kuma kamfanin da ya ƙera manhajar yakan daina kula da ita: Microsoft ta janye tallafin Windows Server 2012 a Oktoban 2023, SAP kuma ta sanya ƙarshen 2027 a matsayin wa'adin kulawar yau da kullum ga tsohuwar manhajarta ta ECC. Daga ranar da aka daina toshe kafofi, duk ɓarakar da aka gano a buɗe za ta zauna.

Akwai kuma abin da injiniyan manhaja Ward Cunningham ya kwatanta da bashi a 1992. Duk gyaran gaggawa da aka yi da niyyar "za mu dawo mu gyara da kyau", rance ne aka ci. Idan ba a biya ba, kowane sabon aiki sai ya fi na baya wahala, har a kai ranar da injiniyoyi suke ƙarar da yawancin lokacinsu wajen lallaɓa tsohon aiki.

To shi sauyin dijital da ake ta faɗa, daban yake da wannan?

Ya fi shi faɗi. Idan takardar neman izini tana bi ta tebur bakwai, kuka mayar da ita fom na intanet da yake bi ta akwatin imel bakwai, takarda kawai kuka rage. Sauyi na gaske yana farawa ne da tambayar me ya sa tebur bakwai, kuma wannan tambaya ta shugabanni ce. Sashen kwamfuta ba shi da ikon amsa ta shi kaɗai.

Mene ne ainihin girgije?

Kwamfutocin wani ne, jibge cikin manyan gine-gine masu sanyi da tsaro, kuna karɓar hayarsu ta intanet kuna biyan gwargwadon abin da kuka yi amfani da shi. Amazon ta buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, da ma'ajiyar S3 a watan Maris sannan hayar sabar EC2 a Agusta. Saba ita ce kwamfutar da manhaja take zaune a kanta tana yi wa masu amfani aiki. Google ta fito da App Engine a 2008, Azure na Microsoft ya soma aiki a 2010.

Hayar hawa-hawa ce. Kuna iya karɓar sabar zalla, kamar wanda aka ba gida fanko, ku zuba komai da kanku. Kuna iya karɓar dandalin da aka riga aka shirya da rumbun bayanai da sauran kayan aiki, naku kawai rubuta manhaja. Ko ku karɓi manhajar da aka gama gaba ɗaya, irin su Salesforce ko Microsoft 365, ku shiga ku soma aiki. Duk hawan da kuka ƙara, wahala tana raguwa, ikonku a kan abin ma yana raguwa.

Gaskiya ne girgije ya fi araha?

Ba kullum ba. Inda yake da riba a fili shi ne wurin da aiki yake hawa da sauka. Kamfanin da cinikinsa yake ninkawa a ƙarshen shekara, da can sai ya sayi sabobin da za su ɗauki wannan cunkoso, su yi wata goma sha ɗaya suna zaman banza. A girgije yana iya ƙara ɗari da safe ya mayar da su da yamma. Sabon aiki ma da ba a san ko zai karɓu ba, gara a gwada shi a kan haya.

Amma idan kuka kwashi tsohuwar manhaja yadda take kuka dire ta a girgije, tana kunne dare da rana, kada ku yi mamaki idan kuɗin wata ya zarce na da. Sabobin da aka kunna don gwaji aka manta da su suna ci gaba da cin kuɗi. Shigar da bayanai yawanci kyauta ne, fitar da su kuwa akan biya. Dropbox ta mayar da mafi yawan ajiyarta daga Amazon zuwa nata cibiyoyin wajen 2016, kamfanin 37signals ma ya sanar da ficewarsa daga girgije a 2022 saboda tsada. Dukansu aikinsu tsayayye ne, sun san nauyinsa, kuma suna da ƙwararrun da za su riƙe injinan. Wanda ba shi da waɗannan, kada ya kwaikwaye su ido rufe.

Ko me kuka zaɓa, ku sa wa kowace saba alamar sashen da ya mallake ta, kowane shugaban sashe ya riƙa ganin abin da mutanensa suka kashe a wata.

Mu rushe tsohuwar mu sake gini daga tushe, ko mu bi ta a hankali?

Wannan ita ce tambayar da na fi damuwa da ita, kuma amsata ba ta canzawa: a hankali, sai dai idan manhajar ƙarama ce ƙwarai.

Sake gini gaba ɗaya yana da daɗin ji. Za a ce shekara biyu, a zana tsari mai kyau, a ɗebo sababbin injiniyoyi. Amma kasuwanci ba ya tsayawa jira. Cikin shekara biyun nan dokar haraji za ta canza, za a fito da sabuwar haja, dole a ci gaba da gyara tsohuwar, sabuwar kuma tana bin ta a guje ba ta cim mata. Sannan ranar sauyawa a ɗora komai a kan dare ɗaya. Bankin TSB na Birtaniya ya yi irin wannan ƙaura a Afrilun 2018, ya kwashe bayanan abokan cinikinsa daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako guda. Kimanin mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin bayanan da ba nasu ba, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a watan Satumba, a Disamban 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Na taɓa aiki a wani kamfani da muke sauya manhajar lissafin kuɗin abokan ciniki. Mun bar tsohuwa da sabuwa suna gudana tare, kowace safiya muna kwatanta sakamakonsu. Kullum sai mu tarar da wasu asusu 'yan ƙalilan da lissafinsu ya bambanta da ɗan abin da bai kai a kula ba. Mun yi mako biyu muna nema. Daga ƙarshe muka je wurin wata dattijuwar injiniya da saura mata 'yan watanni ta ajiye aiki. Ta gyara zaman tabarau, ta gangara cikin tsohon rubutun har ta tsaya a kan wasu layuka huɗu da ba su da wani bayani a gefensu, ta ɗora yatsa a allon. Ta ce shekaru da yawa da suka wuce kamfanin ya haɗiye wani ƙaramin kamfani, aka yi wa abokan cinikinsa alkawarin za a ci gaba da yi musu lissafi da tsohuwar hanya. Babu wannan a cikin kowane kundi da aka ba mu. Da mun kashe tsohuwar a dare ɗaya, da mun karya alkawarin da ba mu san da shi ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce wadda masanin manhaja Martin Fowler ya bayyana a 2004, bayan ya ga wani nau'in ɓaure a dazukan Ostireliya da yake tsirowa a jikin wata bishiya, yana sauko da saiwoyi a hankali har ya maye gurbinta. A sa wata ƙofa a gaban tsohuwar manhaja, duk buƙata ta bi ta nan. A zaɓi aiki guda, a gina shi sabo, a karkatar da buƙatunsa zuwa sabon wuri. In ya zauna daram, a ɗauki na gaba. In ya ba da matsala, a mayar da ƙofar inda take. Netflix ta soma ƙaura zuwa girgijen Amazon bayan rumbun bayananta ya lalace a 2008 har ta yi kwana uku ba ta iya aika wa abokan cinikinta faya-fayan fim ba, kuma ba ta kammala ba sai Janairun 2016. Shekara bakwai ke nan, a kamfanin da ba ya ƙarancin gwanaye.

Ana ta ce mana mu daddatsa manhajarmu zuwa ƙanana, mu sa su a kwantena. Dole ne?

Abu biyu ne aka haɗa. Kwantena hanya ce ta ƙunshe manhaja tare da duk abin da take buƙata, yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kwamfutar injiniya da kan saba. Docker ya yaɗa ta daga 2013, Google kuma ta fitar da Kubernetes a 2014 don sarrafa kwantenoni masu yawa. Wannan yana da amfani ko ga dunƙulalliyar manhaja.

Daddatsawa kuwa magani ne na wani ciwo takamaimai: injiniyoyi sun yi yawa a kan abu guda har suna taka ƙafar juna. Idan kuna da tawaga talatin, ba kowace yankinta ta riƙa fitar da aikinta ba tare da jiran kowa ba abu ne mai kyau. Idan ku goma ne, kun sayi wahala: kiran da yake faruwa cikin kwamfuta ɗaya yanzu sai ya ratsa hanyar sadarwa, yana iya jinkiri, yana iya ɓacewa, neman tushen tangarɗa kuma ya koma bin sawu cikin wurare ashirin. A 2023 wata tawagar Prime Video ta Amazon da kanta ta bayyana cewa ta sake dunƙule wani tsarinta na sa ido kan ingancin bidiyo wuri guda, kuɗin tafiyar da shi ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa tsarin da ƙungiya take ƙerawa yana ɗaukar siffar yadda mutanenta suke magana da juna. Sassan da ba sa ga maciji, manhajojinsu ma ba za su jitu ba.

Fitar da sabon gyara kullum bai fi haɗari ba a kan sau biyu a shekara?

Da farko haka hankali yake ba mutum. Amma gyaran wata shida yana ɗauke da canje-canje ɗaruruwa a dunƙule, in abu ya fashe ba a san wanne ne ya jawo ba. Gyaran yini ɗaya kuwa ƙarami ne, wanda ya rubuta shi bai manta ba, janye shi aikin mintuna ne. A 2009 John Allspaw da Paul Hammond na Flickr suka ba mutane mamaki da bayanin cewa suna fitar da gyara fiye da sau goma a rana, a shekarar ne kuma Patrick Debois ya shirya taron DevOpsDays na farko a birnin Ghent na Beljiyam. Jigon maganar shi ne a rushe katangar da take tsakanin masu rubuta manhaja da masu kula da ita a kan saba.

Sharaɗin shi ne inji ya riƙa yin gwaji da ɗorawa. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya ɗora sabon gyara a kan saba bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya. Wannan ɗayar ta farfaɗo da wani tsohon aiki da aka daɗe da daina amfani da shi amma ba a goge ba. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440. Sharaɗi na biyu, a fara da kaɗan. Gyaran da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura ranar 19 ga Yulin 2024 ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. A ba kashi ɗaya cikin ɗari tukuna, a duba, sannan a ƙara.

Masu binciken DORA, wata tawaga mai nazarin yadda kamfanoni suke fitar da manhaja, sun ba da ma'auni huɗu da suka cancanci a riƙa duba su: sau nawa kuke fitar da gyara, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya fita, kashi nawa yake jawo matsala, da saurin farfaɗowarku in an samu matsalar.

Bayananmu za su tsira a hannun wani?

Manyan masu girgije suna tsare gine-ginensu da injinansu fiye da yadda yawancin kamfanoni za su iya. Amma nauyin a rabe yake: su ne da ginin, ku ne da makullin ɗakinku. Wa kuka ba izinin shiga, wace ma'ajiya kuka bari a buɗe, wannan naku ne. Kutsen da aka yi wa bankin Capital One a 2019, wanda ya shafi mutum kusan miliyan 100 a Amurka, ta wata katangar tsaro da ba a saita daidai ba aka shiga.

Zama a cibiyarku ma ba kariya ba ne. Equifax, mai tattara bayanan bashin jama'a a Amurka, ta rasa bayanan mutum kimanin miliyan 147 a 2017 ta wata ɓaraka a manhajar aro ta Apache Struts, ɓarakar da aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris, ba a ɗora ba. Da ɓarakar Log4j, wani kayan aro da ake sakawa cikin manhajoji, ta bayyana a Disamban 2021, kamfanoni da yawa sun kwana suna neman amsar tambaya mai sauƙi: a ina da ina muke amfani da shi? Ku ajiye jerin duk kayan aro da suke cikin manhajojinku tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku duba doka kuma kafin ku zaɓi ƙasar da bayanan za su zauna. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, da ta soma aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana iya cin tara har kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya.

Idan girgijen kansa ya faɗi fa?

Yana faɗuwa. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani kuskure wajen buga umarni ya tsayar da S3 a yankin gabashin Amurka na tsawon sa'o'i, shafuka da dama suka tafi tare da shi. Alkawarin da masu girgije suke yi na kasancewa a kunne kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana nufin kusan awa tara na tsayawa a shekara, 99.99 kuma kimanin minti 52. Ku raba muhimman ayyuka a cibiyoyi fiye da ɗaya, ku kuma gwada dawo da ajiyarku da gaske, a kan agogo. Raba komai tsakanin kamfanonin girgije biyu yana da tsada da ruɗani, kaɗan ne suke buƙatarsa.

Ma'aikatanmu na yanzu fa? Sai mun kawo sababbi?

Ku koyar da naku. Koyon Kubernetes aikin watanni ne, sanin dalilin layuka huɗun nan aikin shekaru ne. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne in ga an ware tsofaffin ma'aikata an ce su yi gadin tsohuwar manhaja har ta mutu, an ba baƙi sabon aiki. Mutumin da ya san ana shirin yar da shi ba zai buɗe muku cikinsa ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ku zaunar da tsoho da sabo a tebur ɗaya. Idan kun ɗauko kamfanin waje, ku sa a yarjejeniya cewa mutanenku za su iya riƙe abin bayan an tafi.

Kuma in aiki ya makara, ƙara mutane ba ya ceto shi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina manhajar System/360, ya gargaɗi mutane kan haka tun 1975: sababbin zuwa sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne waɗanda ake jira su gama aikin.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta fassara mana tsohon rubutun cikin mako guda ba?

Tana taimakawa sosai wajen karanta tsohon rubutu, bayyana abin da yake yi, da rubuta gwaje-gwaje. Amma tana iya kawo amsar da take da kyan gani alhali kuskure ce, kuma ba ta san alkawarin da aka yi a ɗakin taro shekara ashirin da suka wuce ba. Duk abin da ta fassara, a gudanar da shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon, a kwatanta sakamako kafin a yarda.

Daga ina za mu fara ranar Litinin?

Da ƙidaya. Ku rubuta kowace manhaja da kuke da ita, wa yake amfani da ita, wa ya san cikinta, da wace take magana, nawa take ci. Kusan kullum akan tarar da wasu da ba mai buɗe su, waɗannan a kashe su bayan an adana bayanansu. Wasu a maye gurbinsu da na haya, domin babu dalilin da zai sa ku riƙe sabar imel da kanku. Wasu a bar su yadda suke. Kaɗan ne, waɗanda suka bambanta ku da abokan hamayya, suka cancanci a sake gina su da hannunku.

Daga cikin waɗannan ku zaɓi guda wadda take damun mutane da gaske amma faɗuwarta ba za ta tsayar da kamfani ba. Ku ba ta tawaga ƙarama da mutum ɗaya daga ɓangaren kasuwanci mai ikon yanke hukunci, ku auna kwanakin da gyara yake ɗauka a yau, ku rubuta adadin a allo inda kowa zai gani, bayan wata uku ku sake aunawa.